Murjani a Gidansa: Abin da Na Gani a Ƙarƙashin Bahar Maliya

 

 Ɗazu a bakin ƙofa wani abokina ya tare ni yana dariya, wai me ya haɗa kifi da kaska? Mutumin da ya tashi bai san wani ruwa ba sai kududdufin bayan gari da na randa, shi ne yau zai tara jama'a ya yi musu bayanin nutso a teku? Gaskiyarsa. Sai dai zan nuna muku cewa Bahaushe yana da tsohuwar hulɗa da abin da za mu tattauna, ko da yake bai taɓa leƙa gidansa ba.

Kakata, Allah ya jiƙanta, tana da wata tsakiya ta murjani da take ɓoyewa a ƙasan adudu, a naɗe cikin tsumma. Ba ta fito da ita sai ranar biki ko suna. Ja ce wur, mai nauyi a hannu, mai sanyi idan ta taɓa fata. Na taɓa tambayarta daga ina ake samo shi, ta ce dutse ne da alhazai ke zuwa da shi daga gabas. Da na shiga makarantar allo na kai Suratur Rahman, na ji an ambaci murjani har sau biyu, sau ɗaya tare da lu'ulu'u, sau ɗaya tare da yaƙutu, malam kuma ya fassara mana cewa daga teku yake fitowa. Nan ilimina ya tsaya shekara da shekaru. Sai da karatu ya kai ni Sudan na gane cewa abin da ke wuyan kakata ƙashin wata dabba ne.

E, dabba. Wata 'yar halitta ce mai laushi, yawancinta ba ta wuce ƙwayar gero ba, tana da baki a tsakiya da wasu 'yan hannuwa kewaye da shi. Tana tsotsar ma'adini daga ruwan teku ta gina wa kanta ɗan ɗaki mai tauri, irin dutsen da ake ƙonawa a yi farar ƙasa. Idan ta mutu ɗakin ya zauna, 'ya'yanta su ɗora nasu a kai. Ku tuna yadda gara ke tayar da suri, ɗigo bayan ɗigo, har ya fi mutum tsawo. To wannan haka take, sai dai surinta yakan yi tsawon kilomitoci, har ya tare jirgin ruwa. Kuma ba ta gaggawa. Masu kama da curin dutse ba sa ƙaruwa da fiye da santimita ɗaya ko biyu a shekara. Masu rassa kamar ƙahon barewa sun fi sauri, sukan kai santimita 10. Jan murjanin ado kuwa wani dangi ne daban, mafi shahararsa daga Bahar Rum yake, can wajen Italiya da Tunisiya, kuma ba ya gina tudu. Na kasuwa a yau, mu faɗi gaskiya, da yawa daga cikinsa gilashi ne ko roba.

Kakanninmu sun kwana a cikin murjani ba su sani ba. Kafin zuwan jirgin sama, maniyyaci daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram yakan ɗauki sanda da gora ya nufi gabas da ƙafa, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, yana tafe yana ƙwadago, wani ya shekara biyar, wani goma, wani ya zauna can har yau zuriyarsa na nan. Bayan yaƙin Burmi a 1903 ma jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun bi wannan hanya, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Inda ƙasa ta ƙare wa mai niyyar Makka shi ne Sawakin, wani ɗan tsibiri a gaɓar Bahar Maliya, kimanin kilomita 60 kudu da Bur Sudan. Daga nan ake shiga jirgi zuwa Jidda. Gidajen Sawakin masu hawa biyu da uku, da masallatanta, da ofishin kwastan, duk da tubalin murjani aka gina su, wanda aka sassaƙo daga gaɓar teku. Na je na gani da idona. Yawancinsu sun zube, domin dutsen murjani yana son yaɓe a kai a kai, da an bar shi sai iskar gishiri ta cinye shi. Na ɗauki wani gutsure daga cikin tarin ɓaraguzai, na ga 'yan ramuka jere reras kamar saƙar zuma, kowane rami ɗakin dabba ɗaya. Abin mamaki, murjanin da ya gina garin yana cikin abin da ya kashe shi. Mashigar Sawakin matsattsiya ce, tudun murjani ya kewaye ta, manyan jiragen hayaƙi ba sa iya shiga cikin sauƙi. Sai Turawan Ingila suka fara gina Bur Sudan a 1905, kasuwa ta tashi ta koma can.

Yanzu mu shiga ruwa.

Kimanin kilomita 25 daga gaɓar Sudan akwai wani wuri da ake kira Sanganeb. Tudun murjani ne mai siffar zobe, ya taso daga zurfin ɗaruruwan mitoci har ya kusa leƙo saman ruwa, a tsakiyarsa kuma ga wani tafki mai kwanciyar ruwa. Babu bishiya, babu gari, sai doguwar hasumiya mai fitila da ke gargaɗin jirage, da wata gada da ake takawa zuwa gindinta. Gwamnatin Sudan ta mayar da shi wurin da aka killace a 1990, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya, tare da mashigin Dungunab da tsibirin Mukawwar da ke can arewa. A Dungunab ɗin ne ake samun wata dabba 'yar'uwar ayun da masuntan Kwara da Binuwai suka sani, tana kiwon ciyawa a ƙasan ruwa kamar saniya.

Hanyar kallo iri biyu ce. Ta farko mai sauƙi ce, ita na fara da ita. Za a ba ka tabarau mai rufe ido da hanci, da ɗan bututu da za ka ciza a baki, ƙarshensa yana sama da keyarka, da wasu faffaɗan takalman roba kamar ƙafar agwagwa. Sai ka kwanta rub da ciki a saman ruwa, fuska a ciki, kana shaƙar iska ta bututun. Shi ke nan. Ruwan Bahar Maliya ya fi yawancin tekuna gishiri, saboda haka yana ɗaga mutum, kuma da yake babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba laka a cikinsa, garau yake kamar ruwan gora.

Mai kwalekwalen da ya kai mu ɗan ƙabilar Bija ne, ba ya yawan magana, yana ta dama jabana, wato gahawarsu mai citta, a ɗan tulunsa. Da na ɗauki tabarau zan sa, sai ya karɓa ya nuna mini da hannu in tofa yawu a cikin gilashin in goga. Na ɗauka wasa yake mini irin na baƙo. Na ƙi. Ban yi minti biyu a ruwa ba gilashin ya yi hazo, ban ga komai ba sai fari. Na fito a kunyace na tofa, na ɗauraye, na koma. Ashe masu nutso da yawa haka suke yi, yawu ne ke hana tururin numfashi kama gilashi.

Abin da na gani bayan nan, jama'a, har yau ina neman kalmominsa. Ƙasa da ƙirjina da kamu biyu ko uku ga wani lambu shimfiɗe. Wani murjanin kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa da lanƙwashe-lanƙwashenta, wani kamar kabeji, wani mai laushi yana rangaji kamar gero a gona idan iska ta taso. A kansu dubban 'yan kifaye ruwan lemo suna tsaye cak suna fuskantar igiya, da na miƙa hannu sai duk suka faɗa cikin rassa lokaci guda, da na janye suka fito. Kuma wurin ba shiru ba ne. Ana jin ƙas-ƙas-ƙas ba ƙaƙƙautawa kamar ana suyar gyaɗa. Wani sashe na ƙarar daga wani kifi ne kore da shuɗi mai baki kamar na aku. Na tsaya a kansa ina kallo. Yakan kafa baki a dutsen ya gatsa, ya niƙe a maƙogwaro, ya cinye gansakukar da ke jiki, can sai ka ga ya saki wani farin gari ta baya kamar hayaƙi. Wannan garin shi ne farin yashin da masu yawon buɗe ido ke shimfiɗa tawul a kai suna ɗaukar hoto. Ban faɗa wa kowa a kwalekwalen ba, na bar su da jin daɗinsu.

Sai na ƙara gaba kaɗan, lambun ya yanke. Kamar mutum ya zo bakin soro ya leƙa: katanga ce ta miƙe tsaye zuwa ƙasa, shuɗi yana ƙara duhu har ya zama baƙi. Gabana ya faɗi, na ja da baya da sauri, gwiwata ta gogi wani abu ruwan ƙasa-ƙasa mai farin baki. Nan take na ji kamar an ɗora mini garwashi. Murjanin wuta ake ce masa, kuma sunan ya dace da shi. Na yi kwana huɗu ina susa. Laifina ne, an riga an gaya mana kada a taɓa komai.

Hanya ta biyu ita ce nutso da tukunyar iska a baya, kuma a nan nake so ɗalibai su buɗe kunne, don nan ne wasa ya ƙare. Mu ma muna da gwanayen nutso. Duk wanda ya je Argungu ya ga yadda Kabawa ke nutsewa a Matan Fada su fito da giwan ruwa. Amma su da numfashi ɗaya suke sauka, da shi suke dawowa. Wanda ya canja lamarin wani sojan ruwan Faransa ne, Jak Kusto, da wani injiniya mai suna Emil Ganyan. A 1943 suka ƙera wata na'ura da ake cizawa a baki, wadda ke ba mutum iska daga tukunya daidai lokacin da ya ja numfashi, kuma daidai da matsin ruwan da ke kewaye da shi. Mutane da yawa suna zaton oksijin zalla ne a tukunyar. Iskar nan ce da muke shaƙa yanzu a ɗakin nan, an tace ta an danna ta. Tukunya mai cin lita 12 takan ɗauki iskar da ta kai lita 2,400.

Ga lissafin da ran mai nutso ya rataya a kai. Duk mita 10 da ka sauka, ruwa yana ƙara maka nauyi daidai da na dukan iskar da ke bisa kanmu. A mita 10 matsi ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Idan ka sauka da balan-balan, a mita 10 za ta koma rabinta. Kunne ne ke fara ba da labari: tun a mita biyu zuwa uku za ka ji kamar ana soka maka tsinke. Maganinsa ka toshe hanci ka hura a hankali har ka ji kunnen ya buɗe, kuma ka yi ta maimaitawa tun kafin zafin ya zo. Mai mura ba ya nutso, don hanyar a toshe take.

Yanzu ku juya lissafin. Mutum yana mita 10, ya cika huhunsa da iskar tukunya, wani abu ya firgita shi, ya riƙe numfashi ya yi sama. Iskar da ke ƙirjinsa za ta kumbura ta ninka biyu, huhu kuwa ba balan-balan ba ne, yagewa yake yi. Shi ya sa dokar farko da ake koya wa kowa ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Abin da ya ceci ɗan Argungu, wato riƙe numfashi, shi ne ke kashe mai tukunya. Ina jaddada wannan domin wanda ya iya ruwa tun yana yaro shi ya fi saurin raina malami.

Haɗari na biyu ya fi wayo. Kusan kashi huɗu cikin biyar na iska naitirojin ne, kuma a ƙarƙashin matsi yana narkewa ya shiga jini da tsoka. Ku ɗauki kwalbar lemo. Tana rufe ba ka ganin kumfa. Ka buɗe a hankali, iska ta fita salin-alin. Ka ɓalle murfin da ƙarfi, kumfa ta taso. Jinin wanda ya yi saurin tasowa haka yake yi, kumfar ta maƙale a gaɓoɓi ko a laka, ta kawo ciwo mai tsanani, ko shanyewar jiki, ko ajali. Don haka ake tasowa sannu-sannu, a tsaya a mita 5 har minti 3 kafin a fito. Kuma wanda ya yi nutso ba ya hawa jirgin sama sai ya yi aƙalla awa 12, idan ya yi ta nutso kwana da kwanaki kuwa awa 18. Mai takardar koyo ta farko iyakarsa mita 18. Iyakar masu nutson nishaɗi gaba ɗaya mita 40, kuma tun daga wajen mita 30 naitirojin ɗin nan yana sa maye, mutum ya riƙa yin abu kamar wanda ya sha wani abu.

Ba a nutso mutum ɗaya, kullum biyu-biyu ne. Da yake babu magana, da hannu ake zance, kuma a nan ma na sha kunya. Malamina ya tambaye ni da alama ko lafiya, ni kuma don in nuna masa daɗi ya kashe ni sai na ɗaga babban yatsa. Sai kawai ya kama ni muka yi sama. Ashe a wurinsu ɗaga babban yatsa yana nufin a tashi, an gama. Lafiya lau kuwa sai ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe.

A ƙasa komai yana canja kama. Abu yakan ƙara girma a ido da kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa labarin masu nutso, kamar na mafarauta, yake son a rage masa gishiri. Launin ja yana ɓacewa tun a wajen mita 5, har idan ka yanke a can ƙasa jinin kore-kore za ka gan shi. Sai an haska tocila launuka su dawo. Kifin shak kuma, wanda kowa ke tambayata a kansa, e, akwai shi a Sanganeb, har da mai kai kamar guduma, wanda saboda shi ne ma a da Turawa ke biyan kuɗi su zo. Wanda na gani ya wuce can nesa bai ko dube ni ba. Abin da malamai suka fi jan kunne a kai shi ne igiyar ruwa mai janye mutum daga kwalekwale, da wani kifi mai dafi da ke kwanciya kamar dutse yana jiran a taka shi.

Wannan gaɓa ta Sudan tana da matsayi a tarihin nutso. A 1963 Kusto ya kafa wani ɗan ƙauye a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, arewa da Sanganeb. Mutanensa suka zauna wata guda a wani gida na ƙarfe a zurfin mita 10, suna ci suna barci a ciki, har da akunsu. Fim ɗin da ya yi a kan zaman ya ci kyautar Oska. Rumfar da suke ajiye ɗan jirginsu na nutso tana nan har yau, murjani ya lulluɓe ta. Kusa da Bur Sudan kuma akwai Umbriya, jirgin Italiya da kyaftin ɗinsa ya nutsar da gangan ranar 10 ga Yuni 1940, da ya ji a rediyo ƙasarsa ta shiga yaƙi, don kada Ingila ta ƙwace kayan da ke ciki. Bama-bamai kusan 360,000 ne, suna nan jibge, kifaye na kai da kawo a tsakaninsu.

Saura in faɗi abin da ke damun masana. A cikin naman dabbar murjani akwai wata gansakuka da ido ba ya gani. Ita ke amfani da hasken rana ta dafa abinci, ta ba mai masaukinta mafi yawan abin da yake ci, ita ce kuma ke ba shi launi. Zaman amana ne, amma ba ya jure zafi. Idan ɗumin ruwa ya haura abin da aka saba da digiri ɗaya kacal, ya yi makonni a haka, sai murjani ya kori baƙuwar, ya koma fari fat. Bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. Idan ruwa ya huce da wuri ya farfaɗo, idan zafin ya daɗe ya mutu. Wannan ya faru a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, kuma a Afrilun 2024 aka sanar da karo na huɗu. Tudun murjani bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in halittun teku a jikinsa suke rayuwa. Ɗumamar yanayin da ke rikita mana damina a nan ita ce ke dafa shi a can.

Ɗumin teku ya fi ƙarfin ɗan yawon buɗe ido. Ƙafarsa da hannunsa kuwa ba su fi ƙarfinsa ba. Na ga ƙato ya gaji da iyo ya miƙe tsaye a kan murjani yana gyara tabarau, ya ruguza ginin shekara ashirin da dunduniya ɗaya. A ganina duk wanda bai iya riƙe jikinsa a ruwa ba, a sa masa rigar kariya ya yi kallo daga sama, ba abin kunya ba ne. Kuma kada a sayi busasshen murjani don tsaraba, sayen ne ke sa a je a fasa wani.

Na san tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ba maganar yawon shaƙatawa ake ba, da yawa daga ɗalibanmu ma ta Bur Sudan aka kwaso su. Allah ya kawo wa 'yan'uwanmu na can zaman lafiya. Amma Bahar Maliya tana da gaɓa biyu, kuma irin wannan murjani yana nan a gefen Jidda, inda dubbanmu ke sauka kowace shekara. 'Yan'uwa mata da ke tambaya, akwai kayan ruwa masu rufe jiki ruf daga wuya har idon sawu.

Roƙona ga iyayen da ke ɗakin nan ɗaya ne. Kowace damina muna binne yara da kududdufi ya ci, muna jin kwalekwale ya kife da 'yan kasuwa a Kebbi ko Neja ko Sakkwato. Ni sai da na yi gemu na koyi iyo, a ƙasar wasu, a hannun baƙo. Ku nemi wanda ya iya, a wuri marar zurfi, ya koya wa 'ya'yanku maza da mata tun suna ƙanana, kuma kada ku shiga kwalekwale ba rigar kariya.